Kafin A Ƙara Wata Gadar Sama A Kano

A cikin shekaru goma sha wani abu da suka gabata, babu aikin gwamnati da ya sauya kamannin birnin Kano kamar gadoji. Gwamnatoci uku a jere, ta Rabi'u Musa Kwankwaso da ta Abdullahi Umar Ganduje da ta Abba Kabir Yusuf, duk da saɓanin siyasar da ke tsakani, sun haɗu a kan abu guda, wato cewa maganin cunkoson birni shi ne a ɗaga titi sama ko a nutsar da shi ƙasa. Da haka aka samu gadar Ƙofar Nassarawa, da gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga, da doguwar gadar Sabon Gari, da ta Dangi, da ta Hotoro, sannan aka ɗauko aikin Tal'udu da na Ɗan Agundi. Abin ya kai idan magoya bayan 'yan siyasa suna musu a majalisar hira ko a gidan rediyo, da yawan gadoji ake auna wanda ya fi wani aiki.

Ba na cikin masu cewa duk waɗannan ayyuka asara ce, domin akwai mahaɗar da ta samu sauƙi a dalilinsu, kuma duk wanda ya san yadda wasu shataletale suke cushewa a da zai shaida haka. Abin da nake ja da shi shi ne ma'aunin da muke auna titi da shi. A wurin mahukunta da 'yan kwangila, har ma da mu jama'ar gari, titi mai kyau shi ne wanda mota za ta bi da gudu ba tare da an tsayar da ita ba. Wannan ma'auni ya dace da hanyar da ta ratsa daji tsakanin gari da gari, amma bai dace da titin da ya ratsa unguwa ba, inda akwai makaranta a wannan hannu, masallaci da kasuwa a wancan hannu, kuma mafi yawan mutanen da suke amfani da shi ba su mallaki mota ba, ba su ma sa ran mallakarta nan kusa. Birnin da akasarin mutanensa suke zirga-zirga a ƙafa, ko a keke, ko a babur, ko a adaidaita sahu, ya wayi gari yana kashe mafi tsokar kuɗin hanyoyinsa a kan 'yan tsirarun da suke cikin mota.

Duk mai son ganin abin da nake nufi, ya tsaya a gefen titin Zariya wajen Unguwa Uku, ko titin Katsina wajen Kurna, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe. Zai ga uwa da goyo a baya, ta riƙe hannun yaro mai kayan makaranta, tana tsaye a bakin kwalta tana lissafin tazarar da ke tsakanin mota da mota. Idan ta ga 'yar kafa sai ta ja yaron da sauri, su kai tsakiyar titi, su tsaya a kan ɗan siririn simintin da ya raba hannu biyu, wanda da ƙyar yake ɗaukar tafin ƙafa, tirela tana wucewa ta gabansu, tifa tana wucewa ta bayansu, iskar motocin tana kaɗa mayafinta. Daga nan sai ta sake wani lissafin domin ragowar rabin hanyar. Wannan mata ba ta karya wata doka ba, kuma ba ganganci take yi ba. Gidanta yana wannan ɓangare, makarantar ɗanta tana wancan, kuma wanda ya zana titin bai tanadar mata wurin tsallakawa ba. Za ta maimaita wannan kasada da rana idan an tashi, ta kuma maimaita gobe.

Idan wata rana lissafin ya kuskure, mun riga mun san abin da za a ce. Za a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, za a ce kwana ne ya ƙare, a yi wa iyaye gaisuwa, a ba su haƙuri. Duk wannan gaskiya ne ta fuskar imani, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa nauyin riƙo da sababi ba. Mutumin da ya haƙa rijiya a tsakar gida mai yara, ya bar ta babu baki babu murfi, idan yaro ya faɗa ba za mu tsaya a kan cewa kwanansa ne ya ƙare ba, sai mun tambayi mai gidan dalilin da ya sa ya bar ta a buɗe. Addinin da ya sanya gusar da abin cutarwa daga kan hanya a cikin rassan imani ba zai yarda a gina hanyar da ita kanta ce abin cutarwar, sannan a ce babu mai alhaki ba.

Girman matsalar ya wuce yadda muke ɗaukarta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin masu mutuwar ba a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. Nahiyar Afirka, wadda take da kaso kaɗan na motocin duniya, ita ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mu a Kano ba ma buƙatar rahoto daga Janeba, inda hedikwatar hukumar take, kafin mu yarda, domin duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga samari majiya ƙarfi kwance da ƙarafa a ƙafa, kuma ya san cewa bayan kowane gado akwai gidan da cefanensa ya tsaya.

Abin da yake kashe mutum a titi, kafin komai, gudu ne. Motar da take tafiyar kilomita 30 a awa tana cin kusan mita takwas a cikin daƙiƙa guda, wadda take tafiyar kilomita 60 kuma tana cin kusan mita goma sha bakwai. Direba yana buƙatar kamar daƙiƙa guda ko fiye tsakanin ganin yaro da taka birki, kuma bayan ya taka, nisan da motar za ta ja kafin ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninku sau biyu. Haka ma ƙarfin bugun. Shi ya sa mutumin da mota ta buge tana tafiyar kilomita 30 galibi yakan rayu, kusan tara cikin goma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun motar ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. A kan wannan hujja ne taron ministocin ƙasashen duniya da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya yi kira da a mayar da kilomita 30 iyakar gudu a wuraren da mutane da ababen hawa suke cakuɗuwa a kai a kai.

A Najeriya, ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce kada a wuce kilomita 50 a cikin gari. Amma direba ba da littafin ƙa'ida yake tuƙi ba, da abin da idonsa yake gani yake tuƙi. Idan aka shimfiɗa masa titi mai faɗi, miƙaƙƙe, mai layi uku a kowane hannu, aka cire masa shataletale da danja, aka ɗora shi a kan gada ya sauko da gangara, to an riga an gaya masa ya yi gudu, ko da an kafa allo goma masu cewa ya rage. Kuma a daidai gindin gadar, inda motar ta sauko da cikakken ƙarfinta, a nan ne fasinjojin adaidaita sahu suke sauka, a nan ne masu tallan ruwa da lemo suke tsaye, a nan ne ɗalibai suke neman tsallakawa.

Wannan fahimta ce ta sa majalisar dokokin Suwidin ta amince da wani sabon tsari a shekarar 1997, wanda ya ginu a kan cewa ɗan Adam ajizi ne, dole wata rana zai yi kuskure, saboda haka wajibi ne a gina hanya ta yadda kuskuren ba zai zama sanadin mutuwa ba. Tsarin ya raba alhaki tsakanin mai amfani da hanya da wanda ya tsara ta, ya ce idan mutane suna ta mutuwa a wuri guda, to a koma wurin injiniya a tambaye shi. Ƙasashen da suka bi wannan hanya sun ga amfaninta. A shekarar 2019 birnin Oslo na ƙasar Nowe ya cika shekara guda cur ba tare da an kashe mai tafiya a ƙafa ko mai keke ko ɗaya a titunansa ba.

Mutanen unguwanninmu sun riga hukuma gane wannan. Sau da yawa idan mota ta kashe yaro a wani layi, kafin a yi sadakar bakwai za ka ga matasa sun tara kuɗi sun sayo siminti sun yi tudu a kan kwalta, ko sun jera tsofaffin tayoyi da kututture. Tuddan nan ba su da kyau, wasu sun yi tsini har suna dukan cikin mota, babu fenti babu alama, kuma da dare su kansu suna kayar da masu babur. Direbobi suna ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Amma ni a ganina kowane irin wannan tudu takardar koke ce da talakawa suka rubuta wa gwamnati, suna cewa titin da aka yi musu ya fi ƙarfin 'ya'yansu. Amsar da ta dace ita ce hukuma ta zo ta yi aikin yadda ya kamata, da tudu mai faɗi mai gangara a hankali, mai fenti da fitila, maimakon ta turo a fasa a tafi.

Akwai wanda zai ce ai an yi wa masu tafiya a ƙafa gadojinsu na tsallakawa, su ne suka ƙi hawa. Wannan magana tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce hujjar da aka fi ɗora wa talaka laifi da ita, a Kano da Abuja baki ɗaya, inda har shingen waya ake kafawa a tsakiyar manyan hanyoyi irin ta Kubwa da ta Nyanya domin a tilasta wa mutane hawa. Mu dubi abin da ake nema daga mutum. Titin da faɗinsa bai wuce mita talatin ba, ana so ya yi tafiya mai nisa zuwa inda gadar take, ya hau matakala masu tsawon bene, ya ratsa, ya sauko, sannan ya sake dawowa daidai inda ya nufa tun farko. Saurayi mai lafiya zai iya, ko da yake shi ma a ranar watan Afrilu sai ya yi tunani. Amma tsoho mai ciwon gwiwa fa? Mace mai tsohon ciki, da gurgu a kan kekensa, da ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki, da mai baro ɗauke da buhun masara, ta ina za su bi? Da dare kuma, gadar da babu fitila babu kowa a kanta, mace ko yaro ba za su yarda su hau ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge su. Gaskiyar magana ita ce irin wannan gada an yi ta ne domin kada mota ta tsaya, an ɗauki wahalar duka an ɗora wa wanda ya fi kowa rauni. A kan babbar hanyar da ta kewaye gari, inda tireloli suke wucewa kuma babu gidaje a gefe, gadar tsallakawa mai gangara maimakon matakala tana da muhalli. A tsakiyar unguwa kuwa, abin da ake buƙata shi ne wurin tsallakawa a ƙasa, wanda aka ɗan ɗaga shi daidai da tsayin gefen titi domin mota ta rage gudu dole, da tsibiri mai faɗi a tsakiya inda uwa da 'ya'yanta za su tsaya cikin natsuwa, da danja mai ba masu ƙafa nasu lokacin. Kuma a yi su kusa da kusa, a daidai inda sawun mutane ya nuna suna tsallakawa.

Sai batun hanyar ƙafa a gefen titi. A titunanmu da yawa babu ita sam, kwalta ce sai kwata a buɗe sai ƙofar shago. Inda kuma aka yi ta, ko aka rufe magudanar ruwa da silab, ba a daɗewa sai ta zama wurin ajiye motoci, da janareto, da kayan shago, da teburan masu sana'a, mai tafiya kuma ya koma kan kwalta yana goga kafaɗa da adaidaita sahu. Duk wanda ya bi ta wajen Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Sabon Gari ya san haka. Abin da hukuma ta saba yi shi ne ta tashi rana guda ta kori 'yan tebur, ta kwashe kayansu, bayan mako biyu su dawo, domin abincinsu a nan yake kuma masu sayen kayansu ta nan suke bi. Ina ganin akwai rashin adalci a yadda muke kallon lamarin. Motar mutum guda da aka ajiye tun safe har magariba a bakin titi ta cinye filin da mai shayi da mai gyaran takalmi da mai sayar da ayaba za su zauna su ciyar da gidaje uku, ba ta biyan ko kwabo, kuma ba kasafai ake kiranta mai tare hanya ba. Titin kasuwa ya kamata a zana shi tun farko da sanin cewa za a yi ciniki a kansa, a ware wa masu tafiya nasu filin da ba a taɓawa, a shata wa masu sana'a nasu da layi bayyananne, a sanya wa ajiye mota iyaka da kuɗi, a kuma tsayar da lokacin da manyan motoci za su sauke kaya.

Haka labarin yake ga adaidaita sahu. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ya zama abin hawan kusan kowa, ɗalibi da ma'aikaci da 'yar kasuwa da mai zuwa awo asibiti. Duk da haka, da wuya ka ga titin da aka fitar masa da wurin tsayawa na musamman domin saukewa da ɗauka. Direban yana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, na bayansa ya yi ta hon, jami'in KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, ya zo ya kama shi. Ba ina wanke direbobin ba ne, domin a cikinsu akwai masu tuƙin ganganci da yaran da ba su san ƙa'idar hanya ba, kuma hukunta su daidai ne. Amma ba a hukunta mutum a kan ya tsaya a inda bai dace ba alhali ba a nuna masa inda ya dace ba. A ƙarshen shekarar 2022 gwamnati ta sanar da hana su bin wasu manyan tituna, sannan ta janye cikin gaggawa, saboda a fili yake cewa babu isassun motocin da za su kwashi jama'ar. Birni mai girman Kano yana buƙatar manyan bas masu layinsu na kansu a kan manyan hanyoyi, kamar yadda Legas ta fara a 2008 kuma Darussalam ta Tanzaniya ta fara a 2016, adaidaita sahu kuma ya riƙa kawo mutane daga cikin unguwanni zuwa tashoshin. Layi guda da aka ba bas yana kwashe mutanen da layuka da yawa na ƙananan motoci ba za su kwashe ba.

Keke ma ya cancanci a tuna da shi. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, babu hawa babu gangara, kuma iyayenmu malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa a kan keke suka yi rayuwarsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mutane da yawa sun so komawa gare shi, amma wane uba ne zai saki ɗansa ya hau keke a titin Gwarzo ko titin Haɗeja a yadda suke a yau?

Game da masu buƙata ta musamman kuwa, maganar ta wuce ta tausayi, ta doka ce. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda shugaban ƙasa ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ambaci hanyoyin gefen titi da wuraren tsallakawa a cikin abubuwan da dole a yi su yadda mai keken guragu da makaho za su iya amfani da su, kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara ya riga ya cika. Amma har yanzu ana yin sabon titi da dakalin gefe mai tsayi babu gangara, ana barin ramin kwata a buɗe a tsakiyar hanyar ƙafa, ana kafa turken fitila ko allon talla a daidai inda makaho zai bi da sandarsa. Gangarar da za a yi wa gurgu ita ce dai za ta amfani tsohuwa da mai baro da mai jan akwati, kuma kuɗinta a lokacin gini bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma abin da ƙasashen sanyi ba za su koya mana ba, wato inuwa. A garin da zafi yake haura digiri 40 a bazara, hanyar ƙafa marar bishiya azaba ce, kuma sau da yawa faɗaɗa titi yana farawa ne da sare darbejiya da maɗacin da suka shekara hamsin suna yi wa mutane rumfa. Mai mota yana da na'urar sanyaya wuri, wanda yake jiran abin hawa da tsakar rana ba shi da komai sai inuwar da aka bar masa. Saboda haka dashen itatuwa da kula da su har su kama ya kamata ya shiga cikin takardar kwangilar titi, kamar yadda kwalta da magudanar ruwa suke shiga.

Na san abin da za a ce, cewa Kano ba Turai ba ce, mutanenmu ba su da bin doka, kuma babu kuɗi. Game da na farko, su ma Turawan ba haka suka taso ba. A shekarar 1971 haɗarin mota ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, har iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, kuma daga wannan matsin lamba ne aka fara sauya fasalin titunan da ake sha'awa a yau. Kuma ba sai mun je Turai ba. A Darussalam wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamaren da aka fi buge yaransu, ta yi musu abubuwa masu sauƙi, hanyar ƙafa da tudun rage gudu da wurin tsallakawa da alamomi, a wasu wuraren ma ta sauya wa makaranta ƙofa daga babban titi zuwa ƙaramin layi, kuma binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Direbobin Darussalam ba su fi namu natsuwa ba.

Game da rashin bin doka, ai shi ne ma babban dalilin da ya sa ya kamata a dogara da gini fiye da wa'azi. Jami'in hanya yana tashi daga aiki, yana gajiya, wani lokaci ana iya shawo kansa, amma tudun siminti da ƙuntataccen layi suna nan dare da rana, kuma ba su san babban mutum ba. Wayar da kai da hukunci suna da amfaninsu, sai dai shekara da shekaru muna yin su tun kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, kuma su kaɗai ba su isa ba.

Batun kuɗi kuwa shi ne mafi raunin hujjojin. Gada guda tana cin biliyoyin naira, kuma abin da aka kashe a kanta zai isa a gyara ƙofofin makarantu masu yawan gaske da mashigan kasuwanni da asibitoci. Sannan gadar ba ta kashe cunkoso, tana tura shi gaba ne zuwa mahaɗa ta gaba, kamar yadda masu bin titunanmu suke gani da idonsu. Biranen da suka riga mu bin wannan hanya sun gano cewa ƙarin faɗin titi yana jawo ƙarin motoci har ya sake cikewa. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya har ta haura layi ashirin a wasu wurare, aka gama a 2008, amma cikin 'yan shekaru tafiyar safe da yamma ta koma tana cin lokaci fiye da yadda take ci bayan buɗewa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu kuwa rushe wata doguwar gadar sama ya yi a 2003, ya farfaɗo da rafin da ke ƙarƙashinta, ya ƙarfafa sufurin bas. Bai kamata mu ci bashi mu sayi kuskuren da wasu suke biyan kuɗi domin su warware ba.

Dalilin da ya sa gada take rinjaye a wurin masu mulki ba ɓoyayye ba ne. Ana ganinta daga nesa, ana sanya mata sunan wani babba, ana yanka kirtani a gayyato shugaban ƙasa. Yaron da mota ba ta buge ba kuwa babu mai ɗaukar hotonsa. Ƙari a kan haka, waɗanda suke zama a teburin yanke shawara, daga kwamishina zuwa injiniya zuwa ɗan kwangila, dukkansu a mota suke zuwa ofis, saboda haka matsalar da suke ji a jikinsu ita ce cunkoso, ba tsallaka titi ba. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da suke gani ke nan daga inda suke zaune, kuma shi ya sa dole a shigo da waɗanda suke ganin ɗaya ɓangaren.

Abin da nake nema daga gwamnatin jiha da majalisar dokokinta bai fi ƙarfinsu ba. A haɗa bayanan haɗurran da ke hannun 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra da KAROTA da asibitoci wuri guda, a fitar da taswirar wuraren da aka fi buge mutane, a wallafa ta kowa ya gani, domin kuɗin gyara ya bi inda jini yake zuba, ba inda manya suke bi ba. Kada a sake sanya hannu a kwangilar titi a cikin birni sai zanen ya nuna hanyar ƙafa da wuraren tsallakawa da matsayar adaidaita sahu da fitilu da itatuwa, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai an ga sun tabbata a ƙasa. Kafin a amince da zane, a kai shi gaban mai unguwa da shugabannin makarantun yankin da ƙungiyoyin direbobi da na masu buƙata ta musamman da matan unguwa, injiniyan kuma ya sauka daga mota ya tsallaka titin da ƙafarsa a lokacin tashin makaranta. Sannan a ware wani kaso tsayayye na kasafin ayyuka a kowace shekara domin gyaran titunan da aka riga aka gina, a fara da ƙofofin makarantun firamare da islamiyyun da suke bakin manyan hanyoyi, a mayar da iyakar gudu a gabansu kilomita 30, a kuma gina abin da zai tilasta wa direba kiyaye ta.